Barin Ciyawa a Gonar Inabi: Kariya Daga Zafi Ce Ko Gayyatar Ƙwari?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da gonar inabi da ba ta kai hekta ɗaya ba a yankin Hunkuyi, ƙaramar hukumar Kudan. Ina yi wa kurangar aski bayan ɗaukewar damina, 'ya'yan su nuna daga ƙarshen hunturu zuwa cikin bazara. A 'yan shekarun nan rana tana ƙona mini nonnan da ke ɓangaren yamma, ruwan rijiyata yana ja baya da wuri, da damina kuma fumfuna tana cinye ganye duk da feshin da nake yi. Na ji an ce manoman inabi a Faransa da Afirka ta Kudu sun daina share gonakinsu ƙal, suna barin ciyawa da furanni da itatuwa, wai don gonar ta jure sauyin yanayi kuma halittu su yawaita a cikinta. Ni kuwa na taso a kan cewa ciyawa ruwa take sha, ƙwari take tarawa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me ya dace in yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana ɗauke da abu biyu. Na farko, shin matakin da ke kare kurangar inabi daga zafi da fari shi ne kuma yake dawo da tsirrai da ƙwari da tsuntsaye cikin gona, ko kuwa ayyuka ne daban da aka haɗa su a baki kawai? Na biyu, idan ma haka ne, da wane ruwa za a biya kuɗinsa a wurin da rijiya take ƙafewa tun kafin a tsinke inabi? Amsata ita ce, a mafi yawan lokuta matakin ɗaya ne, amma tsoron da kake ji ba na banza ba ne. Ciyawa tana shan ruwa, kuma na ga gonakin da ta durƙusar. Abin da ke raba riba da asara shi ne wace ciyawa aka bari, a wane sashe na gona, kuma a wane wata aka yanke ta. Wanda ya kwafi abin da ya gani a hotunan gonakin Turai ba tare da ya juya shi kan kalandar daminarmu da raninmu ba, zai yi kuka da kansa.

Abin da ya sa suka sauya hali

Galibin gonakin inabin Turai na giya ne, naka kuwa na ci ne, amma tsiron ɗaya ne, kuma da yake sun daɗe suna rubuta abin da ke faruwa a gonakinsu, akwai darasi a wurinsu. A garin Beaune na yankin Burgundy a Faransa akwai tarihin ranakun fara tsinkar inabi tun daga shekarar 1354. Masanan da suka tattara shi suka wallafa a 2019 sun gano cewa daga 1988 zuwa 2018 ana fara tsinka da kusan kwana 13 kafin lokacin da aka saba a ƙarnonin da suka gabata. A yankuna da dama na duniya tsinka ta matso gaba da mako biyu zuwa uku cikin shekara arba'in. Ma'anar wannan ita ce 'ya'yan suna nuna a tsakiyar zafi, sukari ya hau da sauri, tsami ya zube, launi kuma ya kasa kamawa.

Sannan sai munanan shekaru suka riƙa biyo juna. A ranar 28 ga Yunin 2019 zafi ya kai digiri 46 a ƙauyen Vérargues da ke kusa da Montpellier, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Faransa, kuma a wuni guda ganye da nonnan inabi suka babbake a gonaki masu yawa na lardunan Hérault da Gard, musamman inda aka yi feshin farar wuta kwanaki kaɗan kafin nan. A 2021 ɗumin watan Maris ya sa kurangu suka yi toho da wuri, sai sanyi mai daskarewa ya sauko a Afrilu ya ƙone tohon. A 2023 kuma ruwa ne ya yi yawa a tsakiya da kudancin Italiya, fumfuna ta cinye amfani. A Afirka ta Kudu farin 2015 zuwa 2018, wanda ya kusa rufe famfunan birnin Cape Town, ya sa aka zaftare wa manoma ruwan ban-ruwa. Ka ga ke nan matsalar ba zafi kaɗai ba ce. Rashin tabbas ne, bana fari baɗi ambaliya, kuma gonar da aka gina ta a kan iri ɗaya, ƙasa tsirara da feshi a kai a kai ba ta da abin jingina idan shekara ta saɓa.

Shi kansa tsiron yana da iyaka. Ganyen inabi ya fi haɗa abinci a tsakanin digiri 25 zuwa 30, idan zafi ya wuce 35 aikin sai ya yi rauni, ganyen ya rufe ƙofofin numfashinsa don kada ya yi asarar ruwa. Ƙwayar inabin da rana ke duka kai tsaye kuwa tana iya fin iskar da ke kewaye da ita zafi da digiri goma ko fiye, shi ya sa ƙunar take fitowa a gefen yamma, inda ranar la'asar ke sauka a kan 'ya'yan da suka riga suka wuni suna ɗaukar zafi.

Ƙasa ita ce tushen maganar

Daga wajen shekarun 1960, da maganin kashe ciyawa ya yawaita, gonakin inabi na Turai suka koma ƙasa tsirara daga wannan iyaka zuwa waccan. Sakamakon shi ne a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum gonakin inabi suka shiga sahun gaba a zaizayar ƙasa, domin yawancinsu a gangare suke, ruwa kuma yana zuwa ne da ƙarfi a ɗan lokaci. Ɗigon ruwan sama idan ya faɗi a ƙasar da ba ta da sutura yana farfasa ɓarɓashinta, saman ya yi ɓawo, ruwa ya gangara da taki maimakon ya nutse. Da rani kuma wannan ƙasa tana ɗaukar zafi, ta ƙone ƙananan saiwoyin da ke sama, ta mayar da hucin zuwa ga nonnan da ke rataye. Tana da sauran ƙananan halittun da ke huda ƙasa su buɗe wa ruwa hanya sai su ƙaura ko su mutu. Abin da ciyawa ko busasshen kara ke yi wa ƙasa shi ne abin da faifai ke yi wa randa: ruwan ya daɗe, ya kuma yi sanyi.

A 2018 wasu masana suka haɗa sakamakon nazarce-nazarce 74 da aka yi a gonakin inabi na ƙasashe daban-daban, suka ga cewa barin tsirrai tsakanin layuka ya ƙara yawan halittu da alfanun da gona ke samu daga gare su da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma a jimlace bai rage amfani ba. Kalmar "a jimlace" tana da nauyi a nan, domin a wurare masu ƙarancin ruwa da ƙasa marar zurfi an sha ganin ciyawar da aka bari shekara cur ta rage girman kuranga da nauyin 'ya'ya. Manoman kudancin Faransa da Sifaniya da yankin Cape sun san haka, don haka ba barin ciyawar suke yi kara zube ba. Ruwansu da sanyi yake zuwa, lokacin da kurangar ta zubar da ganye tana barci. A nan suke shuka dangin alkama da dangin wake da dangin mastad tsakanin layuka, su bar su su sha ruwan da dā ma zai gangare. Da kurangar ta farka, sai su yanke shukar ko su bi ta da abin danna ta ta kwanta, ta bushe a wurin, ta zama shimfiɗa. Inda ruwa ya yi ƙaranci sosai, layi ɗaya suke shukawa su tsallake ɗaya.

Yanzu mu juya wannan kan gonarka. Yankin Zariya yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa daga Mayu zuwa farkon Oktoba. A waɗannan watanni ruwa ya fi ƙarfin kurangarka, don haka duk abin da ya tsiro tsakanin layuka ba kishiyarta ba ne, rarar ruwa yake sha, yana riƙe ƙasa, yana tara ganyen da zai zama taki. Gasar tana farawa ne daga ranar da damina ta ɗauke. Saboda haka shawarata ita ce ka shuka abin rufe ƙasa da faɗuwar damina, ka yanke shi a ƙarshenta kafin ya zuƙe danshin da ya rage, ka shimfiɗa shi a gindin layuka. Gyaɗa ta dace, haka waken da ba ya yaɗo, domin suna ƙara wa ƙasa sinadarin da takin yuriya ke bayarwa, ga kuma ɗan abin sayarwa. Ka guji duk abin da ke hawa, domin zai bi turaku ya hau rumfa. Ka kuma bambanta ciyawar da ke mutuwa a shekara da mai saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Kiri-kiri da aya-aya da tofa ba abin bari ba ne, musamman idan kana ban-ruwa, domin za su bi layin ruwan su zauna a kan saiwar inabin. Na taɓa shiga wata gona da mai ita ya ji labarin barin ciyawa ya daina noma gaba ɗaya, kiri-kiri ya mamaye gindin kowace kuranga, ganye ya yi rawaya, 'ya'yan suka fito ƙanana, mutumin kuma ya yanke hukuncin cewa dabarar ƙarya ce. Dabarar ba ta yi ƙarya ba, ciyawar ce ba ta dace ba, wurin ma bai dace ba.

Akwai bambanci guda tsakaninmu da su wanda dole ka riƙe shi. Kurangarsu barci take yi lokacin da ciyawar ke girma, taka kuwa a farke take da ganye shar, a daidai watannin da fumfuna ke da ƙarfi. Doguwar ciyawa a watan Agusta tana tare iska, tana riƙe raɓa har hantsi, wannan kuwa shi ne abin da cutar ke so. Don haka ka bar tsiri mai faɗin kimanin rabin mita a kowane gefen gindi babu ɗanyen tsiro, na tsakiya kuma ka riƙa sare shi kada ya wuce gwiwa. Game da busasshiyar shimfiɗa, gara za ta zo, babu makawa. A ganina ba abokiyar gaba ce zalla ba, domin ramukanta suna shigar da ruwa, kuma manoman tassa, wato masu shuka a ƙananan ramukan da ke tara ruwa da taki, a yankin Tawa na Nijar sun daɗe suna cin moriyar haka. Abin kiyayewa shi ne kada shimfiɗar ta taɓa jikin kurangar, a bar tazarar taƙi guda, a kuma riƙa duba turakun katako. Wuta ma abin lura ce da hunturu, sai a share kewayen gona.

Waɗanne halittu, kuma me suke yi

Mutane da yawa idan aka ce furanni a gona sai su tuna da ƙudan zuma. Inabin da ake nomawa ba ya buƙatar zuma kafin ya yi 'ya'ya, furensa shi yake yi wa kansa barbara. Amfanin furanni a gonar inabi shi ne ciyar da ƙwarin da ke cin ƙwari. Tun a shekarun 1960 masana a Kalifoniya suka lura cewa gonakin da ke kusa da rafuka ba sa shan wahalar wani ɗan ƙwaro mai tsotse ganyen inabi. Da suka bincika sai suka gano wani ɗan mitsitsin zanzaro da ake kira Anagrus, wanda ke saka ƙwansa a cikin ƙwan wancan ƙwaro ya kashe shi. Idan inabi ya zubar da ganye, zanzaron yana fakewa ne a wasu tsirran daji na bakin rafi, inda aka share su kuwa sai ya ɓace. A yankin Waipara na New Zealand, masanan Jami'ar Lincoln sun nuna cewa shuka wani tsiro mai farin fure a layi ɗaya cikin goma ya isa ya ciyar da zanzaron da ke kashe tsutsar da ke naɗe ganye. Layi ɗaya cikin goma ba gona duka ba ne, kuma wannan ya kamata ya kwantar maka da hankali a kan batun ruwa.

A yankin Bordeaux na Faransa an binciki kashin ƙananan jemagu masu cin ƙwari aka sami ɓurɓushin ƙwaron daren da tsutsarsa ke huda 'ya'yan inabi. A kwarin Napa na Kalifoniya manoma suna kafa wa mujiya akwatuna a kan turaku saboda ɓeraye, iyali guda na mujiya kuma yana cin dubbansu a shekara. Na san yadda muke kallon mujiya a ƙasar Hausa, kuma ba zan ce ka jawo wa kanka magana da maƙwabta ba, amma idan ta zauna a wata kuka kusa da gonarka, aiki take yi maka, kada ka bari yara su jefe ta. A gonar Vergenoegd da ke kusa da Stellenbosch a Afirka ta Kudu garken agwagi ake saki su tsince dodon koɗi. Wasu kuma tumaki suke sawa su yi kiwon ciyawar, sai dai a nan akwai haɗari, domin tumaki ba sa jure jan ƙarfe, maganin fumfuna da yawa kuwa da shi ake haɗa su.

Misalin Afirka ta Kudu ya fi burge ni saboda ya haɗa halittu da ruwa a fili. Gonakin inabinsu suna cikin yankin tsirran Cape ne, wanda ke da nau'in tsirrai kimanin 9,000, kusan kashi 70 cikin ɗari ba a samun su a wani wuri a duniya. A 2004 manoma da masu kare muhalli suka kafa wani shiri na ware sassan gonaki a bar su daji, wanda daga baya ƙungiyar kare halittun daji ta duniya, WWF, ta ci gaba da jan ragamarsa. Babban aikin da ake yi a waɗannan filaye shi ne sare baƙin itatuwa da aka shigo da su daga waje, irin su turare da wasu dangin ƙaro na Ostireliya, waɗanda ke shanye rafuka. Idan aka sare su tsirran asali suka dawo, ruwan rafi yana ƙaruwa. Darasin shi ne yawan kore ba shi ne yawan halittu ba, kuma ba kowace bishiya ce alheri a bakin gonar inabi ba.

A gonarka, abin da zan so in gani shi ne shinge mai rai a kewaye, na tsirran da suka saba da raninmu, irin su lalle da zogale, da layin jema ko gamba a inda ruwa ke gangarowa. A ƙarshen wasu layuka, inda ruwan ban-ruwa ke ɗan taruwa, ka sa ɗaɗɗoya da riɗi, ka bar 'yan karas ko albasa su yi fure, domin a sami fure a watannin da daji ya bushe ƙurmus. Shingen yana da wani amfani da ba a cika ambata ba: yana tare ƙurar hunturu, ƙura kuwa tana taimakon ƙananan ƙwarin nan masu kama da gizo-gizo da ke sa ganye ya yi ja ya bushe. Amma duk wannan ba zai yi aiki ba idan kana feshin maganin ƙwari mai kashe komai duk mako biyu, domin ƙwarin da ke cin ƙwari ne suke fara mutuwa, kuma su ne suke jinkirin dawowa. Ka riƙa juya ganye kana dubawa kafin ka yi feshi, ka fesa sashen da abin ya kama kawai. Idan ka ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga a cikin nonna, nemi tururuwar da ke hawa jikin kurangar, domin ita ce ke gadinsa tana korar masu cinsa saboda zaƙin da yake fitarwa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Shinge da itatuwa suna kawo tsuntsaye, wasunsu kuma inabi suke so, haka manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace. Idan 'ya'ya suka fara nuna, raga ko jakunkunan rufe nonna su ne mafita, kuma kuɗi ne da dole ka sa a lissafi.

Iri, gindi da maganin fumfuna

Bambancin halittu ya haɗa da bambancin inabin kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 2, kashi 56 cikin ɗari na yankunan inabin giya za su daina dacewa da shi, amma idan manoma suka sauya zuwa irin da ya fi jure zafi asarar za ta sauko zuwa kashi 24. Ko Bordeaux, da aka sani da tsaurin ra'ayi a kan iri, an amince mata a 2021 ta gwada sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal da kuma Marselan, da sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na gona. Wannan ƙa'ida ta kashi 5 ita nake ba manomanmu: kada ka tumɓuke gonarka, amma ka ware layi ɗaya ko biyu ka gwada wani iri, musamman mai saurin nuna.

Gindin da aka aura wa iri, wato saiwar wani irin inabi da ake haɗa reshen irin da ake so a kanta, ma yana da muhimmanci. Yawancin gonakinmu da yankan reshe ake dasa su, kurangar ta tsaya a kan saiwarta. A jihar Maharashtra ta Indiya, wadda daminarta da raninta suka yi kama da namu, manoman inabin ci sun koma aura Thompson Seedless a kan gindin Dogridge saboda yana jure fari da gishirin ruwa. A ƙasashen Bahar Rum kuma gindin 110 Richter da 140 Ruggeri da 1103 Paulsen ne suka yi suna wajen zurfafa saiwa. Kurangar da saiwarta ta nutse ƙasa sosai ba ta damuwa da ciyawar da ke sama, wannan kuwa ya sake nuna yadda matakan ke tallafar juna.

Fumfunar da ke cinye maka ganye da damina, mai fara ɗigo-ɗigon rawaya kamar na mai a sama da farin gashi a ƙasan ganye, sai da jiƙaƙƙen ganye take shiga. Maganin jan ƙarfe da aka gano a Bordeaux a shekarun 1880 yana aiki har yau, amma jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa yana cutar da tana, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi daga 2019 zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Cibiyar binciken noma ta Faransa ta fitar da iri masu jure cutar a 2018, irin su Floreal da Voltis, amma na giya ne. Abin da ke hannunka shi ne ka rage cunkoson rassa da damina don iska ta ratsa, ka kwashe ganyen da ya kamu, ka yi feshi kafin jerin kwanakin ruwa ba bayansu ba, domin maganin rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da cutar ta riga ta shiga.

Lokacin aski da inuwa

A nan ne kwafar Turai za ta fi cutar da kai. Su jinkirta aski suke yi don nuna ta faɗa cikin sanyin kaka. Kai kuwa zafi a gabanka yake, Maris da Afrilu, don haka kowane mako da ka jinkirta yana tura 'ya'yanka cikin bazara. Daga aski zuwa tsinka wata huɗu ne zuwa biyar, gwargwadon iri. Idan ka matso da askin gaba, za ka tsinke kafin zafi ya yi tsanani, rijiyarka ma ta sami sauƙi. Haɗarin shi ne ruwan ƙarshen damina ya sami sabon toho da fure, fumfuna ta shafe su. Da yake ɗaukewar damina ta daina tsayawa a wuri ɗaya, na fi son manomi ya raba gonarsa kashi biyu ko uku, ya yi askin da tazarar kwana goma zuwa mako biyu. Ba za ka ci duka ba, amma ba za ka faɗi duka ba, kuma ba za ka kai kaya kasuwa a rana ɗaya da kowa ba.

Game da ƙuna, ka daina cire ganye a gefen yamma. Idan za ka buɗe wa nonna iska, ka yi daga gabas, kuma tun suna ƙanana, domin ƙwayar da ta saba da haske tun farko ta fi jurewa a kan wadda aka yaye wa inuwa kwatsam tana dab da nuna. Rumfar da nonna ke rataye a ƙarƙashin ganye ta fi tsarin bango, wato inda ake ɗaure rassa a tsaye a jikin waya, dacewa da ranarmu. Ragar inuwa mai sauƙi a layukan gefe tana taimakawa, haka feshin farar ƙasa mai laushi a kan ganye, kodayake a inabin ci tana barin tabo a jikin 'ya'ya idan aka fesa a makare. Kada ka fesa farar wuta idan ana tsananin zafi. Ban-ruwa na ɗigo a ƙarƙashin shimfiɗa, da sassafe ko da yamma, shi ne zai fi tsawaita maka rijiya.

Itatuwa a cikin gona kuwa sai da lissafi. A Restinclières, arewa da Montpellier, tun tsakiyar shekarun 1990 ake gwada inabi tare da itatuwa, an kuma ga cewa layukan da ke manne da itatuwan amfaninsu ya ragu, waɗanda ke da tazarar 'yan mitoci kuwa ba su nuna illa ba. Don haka itace a iyakar yamma da arewa maso gabas, nesa da layin farko, shi ne daidai. Darbejiya da turare suna da saiwa mai yawo da ƙishirwa, ba zan sa su kusa ba.

Iyakar wannan shawara

Ban taka gonarka ba, ban ga zurfin ƙasarka ko irin da ka dasa ba, alƙaluman da na kawo kuma daga gonakin wasu nahiyoyi suke, inda ƙwari da tsirrai suka bambanta da namu. Shimfiɗa da shinge suna rage zafin ƙasa da asarar ruwa, amma ba za su cika rijiyar da ruwan ƙarƙashinta ke raguwa saboda yawan masu ja ba, kuma ba za su hana ƙuna a ranar da zafi ya wuce kima ba. Sauyin ƙasa ma a hankali yake zuwa, shekarar farko wani lokaci sai ƙarin aiki kawai za ka gani, har ganye ya ɗan yi fari idan shimfiɗar kara ce zalla ba a haɗa ta da takin dabbobi ba.

Saboda haka ka fara da layuka huɗu ko shida a daminar da ke tafe, ka bar na kusa da su yadda ka saba. A watan Fabrairu, kwana biyu bayan ban-ruwa, ka tona taƙi guda a kowane ɓangare da tsakar rana, ka ji danshi da zafin ƙasar da hannunka. Ka rubuta sau nawa ka ba kowanne ruwa, sau nawa ka yi feshi, sannan da tsinka ka auna nauyin nonnan kuranga goma a nan da goma a can, ka ƙirga waɗanda rana ta ƙona. Idan layukan gwajin suka nuna alamar ƙishirwa, baɗi ka yanke shukar da wuri ko ka koma layi ɗaya a tsallake ɗaya. Idan kana da hali, ka kai samfurin ƙasarka da na ruwan rijiyar Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a auna maka su kafin ka zaɓi gindin da za ka aura wa sababbin dashe.